Saniyar Goggo Mairama a Baƙin Allo

Wanda ya sauka tashar Gazawa a shekarar da sojoji suka ce za su miƙa mulki ga farar hula, in ya nufi bakin kasuwa, zai wuce wata rumfar kwano tsakanin mai faci da mai sayar da esansi, wato man fetur, a kwalabe. Nan Haladu yake zama. Sana'arsa tura finafinai da waƙoƙi da wa'azi cikin katin salula. Masu wannan sana'a sun yi yawa a garin, amma shi kaɗai ake kira mai baƙin allo.

Sauran masu turi injinsu na da hotuna masu launi, su danna nan su ja can. Ordinatar Haladu kuwa, wato kwamfutarsa, tsohuwa ce, ya samo ta a Maradi wurin wani mai shagon intanet da ya yi wa shara da tsaro, bayan lakol, makarantar boko, ta sallame shi ba tare da ta ba shi ko takarda ɗaya ta tunawa ba. Tun kafin injin ya zo hannunsa hotunansa suka mutu. Wani ɗan Togo mai gyara ya zuba masa wani tsari da in an kunna shi ba ya nuna komai sai baƙin fili da ɗan farin ɗigo mai ƙiftawa, ya koya wa Haladu 'yan layukan da ake rubutawa, ya koma ƙasarsu. Saura duk Haladu ya koya da kansa, yau ya ɓata gobe ya gyara.

Haka ya dawo gida yana rubuta wa inji umarni da yatsu biyu. In ya buga layi, sai fararen haruffa su zubo kamar tururuwa an ɗaga musu dutse, shi kuma ya matso da fuska yana gyaɗa kai. Da farko mutane sun ɗauka duba yake yi. Wata tsohuwa ta taɓa zuwa da goro a ƙulle, tana so ya duba mata ko ɗanta na Libiya zai dawo kafin damina. Matarsa Batulu kan ce Allah ya haɗa ta da mutumin da ake ba fim ya kalla, shi kuma ya zauna yana karanta shi.

Gaskiya ta faɗa. Haladu ya daɗe da gano cewa fim ba jerin cikakkun hotuna ba ne. In ya tambayi inji ya buɗe masa cikin fim, sai ya ga haruffa a jere. Harafin I shi ne cikakken hoto, wanda yake kira uwa, kuma jefi-jefi take zuwa. Bayanta sai P, P, P, su kuwa 'yan rakiya ne, ba su riƙe komai ba sai abin da ya motsa tun bayan uwar. Kuma duk lokacin da aka matse fim don ya shiga ƙaramar salula, inji yakan zubar da abin da yake ganin ido ba zai yi kewarsa ba: ganyen itace, zanen atamfa, fuskokin mutanen baya. Abin da ya zubar ya tafi ke nan. Haladu yakan yi wa masu zuwa wannan bayani da zuciya ɗaya, su saurare shi cikin ladabi, sannan su ce to ya ƙara matsewa don wani fim ɗin ya samu wuri.

Lokacin yaƙin neman zaɓe kasuwarsa ta buɗe. Kowace jam'iyya da waƙarta, kowane mitin da hotonsa, samari suna ta tura wa juna ta bulutut a gindin masu shayi. A irin wannan ranar kasuwa ce wani dogon Bafillace ya tsaya bakin rumfar, sanda a kafaɗa, ya yi sallama, ya ci gaba da tsayuwa har sai da kowa ya watse. Sunansa Gidaɗo, daga wata ruga a bayan Gangara. Sai da suka gama gaisuwa, aka tambayi gida da dabbobi da sanyi, sannan ya zaro salular aro daga aljihu ya ce akwai saniyarsa a ciki, yana so a fito masa da kunnenta.

Haladu ya ba shi benci ya ce ya faro daga farko.

Yunwar bara ta share garken Gidaɗo, ba ta bar masa komai ba sai jar saniya guda da karsanar da ta haifa. Saniyar ma ba tasa ba ce. Ƙanwar ubansa, Goggo Mairama, ita ta ba shi haɓɓanaye, wato aron da Fulani kan yi wa ɗan'uwan da ya rasa dabbobi: ka riƙe saniya, ka sha nononta, 'ya'yan da ta haifa naka ne, in lokaci ya yi ka mayar da uwar ga mai ita da godiya. Lokacin mayarwa ya kusa, sai aka wayi gari bayan girbi saniyar ta ɓace daga bakin rijiya. In saniyar haɓɓanaye ta mutu ko an sace ta, babu biya, ikon Allah ne. Amma in mai riƙo ya sayar da ita, dole ya maye gurbinta, kuma babu wanda zai sake ba shi ko akuya. A bakin rijiya an fara cewa, ƙasa-ƙasa, ai mutumin da ya yi watanni bai ga hatsi ba, kuma iyakar ƙasa ga ta nan kusa, kowa ya san yadda saniya kan ɓace. In zancen ya tsaya a haka, karsanar za ta tafi, sunansa ya bi ta.

Ana cikin haka wani ɗan rugarsu ya nuna masa hoton wani mitin da aka yi a kasuwar Agye. Can bayan masu rawa, wani mutum ya gitta yana jan saniya. A ranar wannan kasuwar kuwa Gidaɗo yana kwance da zazzaɓi, duk ruga ta shaida. Ya kai wa ardo, ardo ya kalla ya sake kallo, ya ce shi dai ya ga abu mai ƙafa huɗu. In ana so ya yi magana, a nuna masa tsaga biyu a kunnen hagu, shaidar gidan Mairama.

Haladu ya zare katin ya sa a inji. Ya buga layi, haruffa suka zubo. Tun daga kan fim ɗin gabansa ya faɗi, don inji ya gaya masa faɗin hoton bai kai tafin hannun jinjiri ba, kuma wurin da aka ware wa kowace daƙiƙar fim, wanda Haladu ke kira abinci, ko ɓera ba zai ƙoshi da shi ba. Duk da haka ya yanko wurin da saniyar ta gitta, ya warware shi hoto-hoto, ya buɗe mafi kyau a cikinsu, ya girmama shi har ya cika allo.

Abin da ya fito kamar an jera tubalin jar ƙasa. Inda kai ya kamata ya kasance akwai tubali uku, ɗaya ya fi sauran duhu.

Gidaɗo ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna tubali mai duhun da tsinin sandarsa.

"Ita ce. Ga kunnen nan."

"Ina tsagar?"

"Tana ciki, Malam. Kai dai ka buɗe."

Haladu ya yi masa bayanin uwa da 'yan rakiya da abin da inji ke zubarwa. Gidaɗo ya saurara fiye da duk wanda ya taɓa saurarensa, har ya tambaya ina inji ke zubar da abin, ko mutum zai iya zuwa can ya tsinto. Haladu ya ce ba ya tsintuwa. Daga baya ya ce akwai dabara guda: wannan hoton jikan jika ne, an matse shi an sake matsewa. In aka samu kakansa, wanda bai sha matsa ba, mai yiwuwa kunnen na nan.

Daga ranar Haladu ya zama maroƙin kati. Ya bi masu shayi, ya bi 'yan kabu-kabu a tasha, ya bi samarin jam'iyyar da ta yi mitin ɗin, duk wanda ke da hoton Agye sai ya ce ya ara masa katin ya duba. Wasu suka ɗauka ya shiga jam'iyyar, suka fara gaishe shi da kirarinta. 'Yan ɗaya ɓangaren suka daina kawo masa turi. Shi dai in ya samu kati sai ya karanta kan fim ɗin, ya ga wane inji ya matse shi da yawan abincin da ya bar masa, ya jera su a ransa kamar mai tsara zuriya: wannan ɗan wancan ne, wancan kuma ƙanen wannan. Batulu ta ce dangin fim ya sani sarai, amma in an tambaye shi sunan 'yar ƙanwarta da aka yi wa suna watan jiya sai ya sosa ƙeya.

Mafi ƙiba a cikinsu ya samu wurin wani direban ɗan takara. Nan take ya sa katin a inji. Hoton ya fi sauran faɗi, ana ganin haƙoran masu rawa, ana karanta rubutun tuta. Ya nemi jerin haruffan. Uwa ta faɗo ana gab da saniyar ta shigo, wata uwar ba ta sake zuwa ba sai da wutsiyarta ta fita. Tsakani duk 'yan rakiya ne, kuma ɗan abincin da ke akwai inji ya raba shi ga masu tsalle da tutar da ke kaɗawa a gaba. Saniya tana can baya, tana tafiya a hankali, ba ta samu ko gutsure ba. Haladu ya ce wa mai faci ashe inji ma ya iya rabon 'yan siyasa, na gaba su ci, na baya su ji ƙamshi.

Saura wuri ɗaya. Direban ya ce wanda ya ɗauki hoton wani Hambali ne, mutumin Gidan Sori, mai bin 'yan takara da kamara, kuma yanzu yana wajen Gidan Runji. Kaset ɗin da ke cikin kamara bai san matsa ba. Haladu ya rufe rumfa ranar da ba a rufewa, ya hau motar kasuwa zuwa Maradi, ya sake wata. Batulu ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli tana cewa ko don neman aurenta bai yi tafiya mai nisan wannan ba.

Ya iske Hambali a gindin wata bedi, wato darbejiya, yana goge kamara da gefen rawani. Gajere ne mai tsagar Gobir har kunne. Da ya ji baƙon Bakatsine ne, sai fuskarsa ta washe, don ya samu abokin wasa ba tare da ya nema ba.

"Bawana ne ya taho gaishe ni? Zamna ƙasa. Mi kaka so?"

"Na zo in ga ko Gobirawa sun koyi ajiye abu ban da faɗa," in ji Haladu, ya zauna kan kujerar Hambali.

Suka ɗan taɓa, aka kawo ruwa, sannan Haladu ya faɗi abin da ke tafe da shi. Dariyar Hambali ta ragu. Ya shiga ɗaki ya fito da kaset ɗaya tal, ya ce a wannan lokacin kaset ya fi nama tsada, kuma jam'iyyu ba sa jira. Da zarar ya juye mitin ya matse ya ba masu shi, sai ya mayar da kaset baya ya ɗora wani a kai. Tun bayan Agye jam'iyya nawa suka hau kan wannan kaset ɗin, shi kansa bai riƙe ba. Don kada a ce bai yi ƙoƙari ba, ya sa shi a kamara ya kai daidai inda yake jin saniyar take. A ɗan ƙaramin gilashin wani mai babbar riga ne ya ɗaga hannu yana alkawarin rijiyoyin shayar da dabbobi a kowace ruga.

Haladu ya tambaye shi ko ya tuna saniyar. Hambali ya ce ya tuna sarai, har ya zagi mai janta don ya ɓata masa hoto. Ja ce, mai manyan ƙaho. Da aka zo batun kunne sai ya buɗe hannuwa.

"Ɗan'uwa, kuɗin da anka ba ni na bakin ɗan takara ne. Da na san kunnen saniya za a biɗa, wallahi da shi na ɗauka, ya hi amfani."

Bai bar shi ya tafi ba sai da ya ci tuwo, ya kuma raka shi tasha yana gaya wa kowa ga bawansa ya zo daga gabas neman kunne. A mota Haladu ya yi ta juya abin. Jar saniya mai manyan ƙaho: rabin shanun ƙasar nan ke nan.

Ranar kasuwa Gidaɗo ya zo ya tsaya inda ya saba tsayawa. Haladu ya gaya masa komai, bai rage ba. Mai faci, wanda kunnensa ke cikin rumfar tun farkon zancen, ya leƙo ya ce shi bai ga abin wahala ba: tunda Haladu ya iya yi wa inji magana, ya ce masa ya zana tsaga biyu a kan tubalin nan mana, wa zai sani? Shi ma Haladu tunanin ya zo masa a hanya, kuma ya san aikin ba zai ɗauke shi shan shayi ɗaya ba. Gidaɗo ne ya girgiza kai. Ya ce shi ba zai kai wa ƙanwar ubansa kunnen da aka ƙera ba.

Ba su ankara ba sai ga ta. Goggo Mairama ta zo kasuwa da ƙwaryar nono, labari kuma ya riga ya kai mata cewa saniyarta na cikin wani inji a bakin tasha. 'Yar tsohuwa ce siririya, idanunta sun fara fari. Tana shigowa Gidaɗo ya miƙe ya koma bakin ƙofa, ya juya fuska wajen titi, don a kunyar Fulani ba ya haɗa ido da ita. Ita ma ba ta dube shi ba. Ta gaida Haladu ta ce a nuna mata.

Ya kunna mata wurin. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Ya mayar, ya rage gudu, ya sake mayarwa. Ya buɗe mata tubalan. Ta ja da baya ta goge ido da bakin zane, ta ce ita ba ta ga komai ba sai ja-ja da baƙi-baƙi. Sannan ta juyo gare shi.

"Ɗana, an ce kai karanta shi kake. To mi ya ce?"

Haladu ya dubi allon. Haruffan na nan a jere, ya san kowanne, ya san dalilin zamansa a inda yake. Ya dubi bayan Gidaɗo a bakin ƙofa. Kalma biyu kawai ake nema, "ita ce", kuma tsohuwar za ta karɓa daga bakinsa, tunda ta ɗauke shi malami. Shi kansa ya yarda da Gidaɗo har cikin ransa. Amma ba ransa ta tambaya ba.

"Inna, ya ce saniya ta wuce. Bai ce ta wa ba."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar dama abin da ta zata ke nan. Ta zuba masa nono a kofin shayinsa, ya ce ta bari, ta ƙi. Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita ta gefen Gidaɗo ba tare da kowa ya ce wa kowa komai ba. Jim kaɗan shi ma ya yi sallama. Haladu ya zauna da kofin nono a hannu, ga masu turi sun taru suna jira, ya rasa layin da zai buga. Da ya koma gida Batulu ta dubi fuskarsa, ta ajiye masa abinci, ranar ba ta tsokane shi ba.

Aka yi zaɓe, aka sake zagaye na biyu, aka samu shugaba. Hotunan mitin suka fita daga yayi, mutane suka riƙa kawo kati a goge su a zuba musu kokowa. 'Yan jam'iyyar da suka yi fushi da Haladu suka dawo ɗaya bayan ɗaya, don har yanzu babu mai matse fim kamarsa. Duk ranar kasuwa yakan ɗaga kai in doguwar inuwa ta gitta, amma sai da zafi ya shigo sosai sannan Gidaɗo ya sake tsayawa bakin rumfar.

Bayan gaisuwa Haladu ya kasa haƙuri ya tambaya. Gidaɗo ya ce bai jira ardo ya yanke ba. Washegarin ranar da Goggo ta zo rumfar ya ɗaura wa karsanar igiya ya kai ta har ƙofar Goggo, ya ɗaure, ya juyo. Ta karɓa, ba ta ce a'a ba, ta kuma sa aka yi mata tsaga biyu a kunnen hagu. Da kunnen ya warke sai ta aiko masa da ita, ta ce ga haɓɓanaye, ya riƙe har ta haihu.

Haladu ya lissafa abin a ransa. Karsanar da take tasa ta zama ta aro. Amma kuma ba a ba ɓarawo haɓɓanaye.

"To ta yarda ke nan ba kai ka sayar ba?"

"Ba ta ce ba."

"Mutanen ruga fa?"

Gidaɗo ya ce sun rabu. Wasu na cewa da ta yarda da shi, da ba ta karɓi karsanar ba tun farko. Wasu na cewa da ba ta yarda ba, da ba ta mayar ba. Ardo ya ce shi tunda ba a kawo masa ƙara ba, ba shi da ta cewa. A bakin rijiya wasu sun koma gaishe shi da hannu biyu, wasu har yanzu da ɗaya.

Haladu ya ce yana da ɗan guntun hoton a ajiye, mafi kyawun, in yana so ya zuba masa a kati. Gidaɗo ya ce ai salular ta aro ce, ya mayar. Amma ya roƙa a kunna masa sau ɗaya. Haladu ya buga layin. Masu rawa suka yi tsalle, tuta ta kaɗa, can baya wani jan abu ya shigo ta dama yana rangaji, ya fita ta hagu. Gidaɗo ya bi shi da ido har ƙarshen gilashin, ya ɗan leƙa gefen injin. Sannan ya gyara sandarsa a kafaɗa, ya ce bari ya je, karsanar ba ta sha ruwa ba tun safe.